Sukurun Haɗa Kayan Gyara Na Roba Da Ake Bugawa Da Na'urar 3D: Ire-irensa Da Hanyoyin Samunsa

Sau da yawa ba lalacewar inji ce ke kai tsohon kaya juji ba, karyewar 'yar roba ce. Hannun ɗaga gilashin Peugeot 504 ya tsage, maɓallin tsohuwar fanka ya dare biyu, murfin batirin rediyo ya ɓata, ko turken da ke riƙe maɗaurin fuskar laftof ya ɓalle. Kamfanin da ya ƙera kayan ya daina yin irinsu tun tuni, na hannu da ake samu a kasuwa kuma shi ma rana ta gama gasa shi. A nan ne na'urar bugun 3D ta sami wurin zama. Tana narkar da siririyar igiyar roba, tana shimfiɗa ta hawa kan hawa har sai siffar abin da aka zana a kwamfuta ta fito.

Scott Crump na kamfanin Stratasys a Amurka ne ya nemi rajistar mallakar wannan fasaha a 1989. Da wa'adin rajistar ya ƙare a 2009, farashin na'urorin ya faɗi, musamman da yake shirin RepRap da Adrian Bowyer ya fara a Jami'ar Bath ta Ingila a 2005 ya riga ya saki zanen na'urar kyauta ga kowa. Manyan kamfanoni ma sun bi sahu: ɓangaren manyan motoci na Mercedes-Benz ya fara buga wasu kayan gyara na roba a 2016, Porsche kuma ya sanar a 2018 cewa yana buga kayan tsofaffin motocinsa da suka yi wuyar samu.

Sai dai abin da ake bugawa cikin awa uku yakan yi wata guda a ajiye saboda rashin sukurun da zai ɗaure shi. Wanda kuma ya gaji da jira ya cusa duk wanda hannunsa ya kai, ko dai ya fasa sabuwar robar, ko ya cinye zaren tsohon ƙarfen da ba shi da madadi. Shi ya sa masu wannan sana'a da suka daɗe a cikinta suke fara neman sukuru, su auna shi, sannan su zana robar a kansa.

A kasuwa kusan duk ƙarfen da ake murɗawa noti ake ce masa. Domin kauce wa ruɗani, a wannan bayani sukuru shi ne mai kai da dogon jiki wanda yake shiga, noti shi ne mai huda wanda ake shiga cikinsa, zare kuwa shi ne murɗaɗɗen tudun da ya kewaye jikin sukurun.

Tambayar farko: ina sukurun zai kama?

Duk aikin ya rataya a kan wannan tambaya. Idan sukurun zai ratsa ta sabuwar roba ne ya je ya kama cikin tsohon ƙarfe, kamar jikin keken ɗinki ko ƙofar mota, to babu zaɓi. Dole a samo mai zare daidai da na ramin da ke jikin ƙarfen, komai wahalarsa. Idan kuwa cikin sabuwar robar zai kama, to mai zane ne ke da wuƙa da nama. Yana iya watsi da tsohon sukurun gaba ɗaya, ya zana ramin a kan wanda ake samu a kowane shago. Mutane da yawa kan ɓata makonni suna farautar sukurun asali alhali rami ne kawai ya kamata su sauya a kwamfuta.

Akwai yanayi na uku, wato inda sukurun zai ratsa sabon yanki ya kama cikin tsohuwar robar da ta rage. A nan tsohon sukurun da aka kwance ya fi kowane sabo daraja, domin shi ya yi wa kansa hanya a ramin tun farko. Tsohuwar roba ta bushe, ba ta jure a sake yi mata sabon zare.

Zaren da ya yi kama amma ba ɗaya ba

Yawancin kayan da aka ƙera a shekarun baya-bayan nan suna bin ma'aunin mita na ISO, wanda ake rubutawa da harafin M da lamba. Lambar ita ce kaurin sukurun a milimita. Kowane kauri yana da tazarar da aka saba tsakanin tudu da tudu: M2 yana da 0.4, M2.5 yana da 0.45, M3 yana da 0.5, M4 yana da 0.7, M5 yana da 0.8, M6 kuma milimita 1 cif. Kusurwar zaren digiri 60 ce. Da a ce duniya ta tsaya a nan, da neman sukuru bai zama abin rubutu ba.

Amma kayan da ake son farfaɗowa tsofaffi ne, kuma kowace ƙasa ta bar tambarinta a jikinsu. A 1841 Joseph Whitworth ya fito da ma'aunin Ingila mai kusurwar digiri 55, wanda ake auna shi da inci. William Sellers ya kawo na Amurka mai digiri 60 a 1864, kuma daga gare shi ne aka samo ma'aunin haɗaka na UNC da UNF da Amurka da Birtaniya da Kanada suka amince da shi a 1949. Ingila tana da wani kuma na ƙananan kaya mai suna BA, mai kusurwar digiri 47 da rabi, wanda ya cika tsofaffin rediyo da mitoci da kayan wuta. A cikinsa lamba na girma sukuru na ƙanƙancewa: 2BA milimita 4.7 ne, 4BA milimita 3.6, 6BA kuma 2.8.

Misali ɗaya ya isa ya nuna haɗarin. Akwai sukuru uku da ido ba ya rarrabe su: M3.5 mai tazarar 0.6, wanda ke ɗaure fuskar soket irin na Birtaniya da ake amfani da shi a Najeriya. 4BA mai tazarar 0.66, wanda tsofaffin akwatunan soket suke da shi. Da kuma 6-32 na Amurka mai tazarar kusan 0.79, wanda ke cikin akwatin kwamfutar tebur. Kowannensu zai shiga ramin ɗan'uwansa zagaye ɗaya ko biyu, sannan ya cije. Wanda ya ƙara ƙarfi a wannan gaɓa ya kashe ramin. Haka M5 da 10-32 suke, haka kuma sukurun kwata inci na Whitworth da na UNC, waɗanda dukansu tudu 20 gare su a kowane inci amma kusurwarsu ta bambanta.

Kayan da suka fi yawa a hannun jama'a kowanne da nasa hali. Motocin Faransa, ciki har da 504 da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗawa a 1975, suna amfani da M7 mai kan sifana 11 a wurare da dama, girman da ba kasafai ake ganinsa a motocin Japan ba. Baburan Japan da aka ƙera kafin wajen 1967 suna bin tsohon ma'aunin ƙasar, inda M4 ke da tazarar 0.75, M5 kuma 0.9. Tsofaffin Land Rover sun gauraya zaren Ingila da na haɗaka, na baya-bayan kuma suka ƙara da na mita. Tsofaffin kekunan Raleigh suna da zaren kamfaninsu mai tudu 26 a inci. Mafi ba da wahala shi ne keken ɗinki. Singer ya yi wa kansa zare na musamman, irin su 9/64 mai tudu 40 da 15/64 mai tudu 28, kuma da yawa daga kekunan da aka kwaikwayi samfurinsa na 15 sun gaji wannan zare. Wanda ya buga sabon murfi ko maɓalli na keken ɗinki, wajen masu gyaran keke zai nufa da tsohon sukurunsa, ba shagon kayan gini ba.

Yadda ake awo

Abubuwa huɗu ake buƙatar sani: kauri, tazarar zare, tsawo, da siffar kai. Kauri ana auna shi da ma'aunin nan mai baki biyu da injiniyoyi ke kira kalifa. Na zamani mai nuna lamba ba shi da tsada, kuma duk mai na'urar bugu yana da shi tunda da shi yake auna abin da zai zana. A lura cewa sukuru yakan ɗan gaza sunansa: M3 zai nuna wajen 2.9, M4 wajen 3.9.

Tazara tana da nata ma'auni mai kama da ƙananan zartuna a haɗe, ana gwada haƙoransu a jikin zaren har a sami wanda ya zauna ba tare da haske ya ratsa ba. Inda babu shi, sai a danna sukurun a kan takarda ya bar sawu, a auna nisan tazara goma, a raba da goma. Idan goman sun ba da milimita 5, tazarar 0.5 ce. Idan lissafin ya ƙi fitowa daidai a milimita, a ƙirga tudu nawa ne a cikin inci guda, domin alama ce ta zaren Ingila ko Amurka.

Tsawo yana da ƙa'idar da ke rikita masu saye. Sukurun da kansa ke nutsewa ya yi daidai da fuskar kaya ana auna shi har da kan. Duk sauran kuwa daga ƙarƙashin kai ake fara awo. Kuskuren milimita biyu a nan ba wasa ba ne a kayan lantarki, domin sukurun da ya zarce yana iya huda allon waya ko ya taɓa batiri.

Idan sukurun ya ɓata sai rami kawai ya rage, ana gwada sanannun sukuru da yatsu, ba da sukundireba ba. Wanda ya dace zai shige har ƙarshe ba tare da tirjiya ko rawa ba.

Kai da bakin sukundireba

A bakin makanikai kai iri biyu ne, filat da sita. Amma sita kanta gida uku ce. Akwai Phillips, wadda Henry Phillips ya yaɗa a shekarun 1930. Akwai Pozidriv ta shekarun 1960, wadda ake ganewa da ƙananan layuka huɗu a tsakanin hannuwan gicciyen. Sannan akwai ta Japan mai bin ma'aunin JIS, wadda sau da yawa take da ɗigo a gefen gicciyen. Sukundireban Phillips yakan zame daga kan na Japan ya cinye shi, kuma wannan ne sirrin yawan cinyayyun kawuna a jikin tsofaffin Honda da Yamaha da Suzuki. Bayan waɗannan akwai mai ramin alanki mai kusurwa shida, da Torx mai siffar tauraro wanda kamfanin Camcar ya fito da shi a 1967, da irin waɗanda kamfanoni ke sawa don hana buɗe kayansu, kamar mai fure biyar na Apple da mai fiffike uku na Nintendo.

Ga robar da aka buga, siffar ƙasan kai ta fi ta samansa muhimmanci. Kai mai nutsewa tamkar weji yake: yayin da ake ɗaure shi yana tura robar gefe da gefe, ita kuwa hawa-hawa aka gina ta, sai ta dare a tsakanin hawan. Kai mai shafaffen ƙasa, musamman idan an sa masa washa mai faɗi, danna robar yake yi ƙasa, kuma wannan ta fi jurewa. Inda kamannin asali ya tilasta amfani da mai nutsewa, a san cewa na mita kusurwar digiri 90 gare shi, na Amurka kuma 82, sai a zana gurbin daidai da wanda aka samu.

Idan cikin sabuwar roba zai kama

Hanya mafi kusa da yadda masana'antu ke yi ita ce amfani da sukurun da aka ƙera musamman don roba. Duk wanda ya taɓa kwance rimot ko abin wasan yara ya gan shi: zarensa dogo ne mai kaifi, tazararsa mai faɗi, bakinsa sau da yawa a datse. Ba yanka robar yake yi ba, ture ta yake yi ta cika tsakanin tudun. Sanannun iri su ne PT na kamfanin EJOT na Jamus, mai kusurwar digiri 30, da Plastite mai jiki kamar kusurwa uku, da Hi-Lo mai tudu biyu, dogo da gajere. Ƙanƙantar kusurwar ita ce ke rage ƙarfin da ke tura bangon rami waje. Ƙa'idar da aka saba ita ce ramin ya zama wajen kashi 80 cikin ɗari na kaurin sukurun, turken da ke kewaye da ramin ya kai ninki biyu na kaurin ko fiye, zurfin kamun ma ninki biyu. Ga sukuru mai milimita 3, ke nan rami 2.4, turke aƙalla 6, zurfi 6.

Wanda aka fi samu a kasuwa ɗan'uwansa ne na kwano, mai tsini, wanda ake rubuta girmansa da ST 2.9 ko ST 3.5 ko ST 4.2. Yana aiki idan babu wani, amma kusurwarsa digiri 60 ce, don haka ya fi saurin fasa siririn turke. Sukurun katako da baƙin nan na silin kuwa, masu kai mai nutsewa da tsini, su ne suka fi kowane ɓarna.

Sukurun roba yana da iyaka: bayan an kwance an mayar sau da dama, zaren da ya yi wa kansa yakan gaji. Ga abin da za a riƙa buɗewa, kamar murfin batiri, an fi son gidan zare na tagulla. Ɗan bututu ne mai zaren mita a ciki da ƙaiƙayi a waje. Ana ɗora shi a bakin rami, a danna shi a hankali da ƙarfen narka dalma irin na masu gyaran rediyo, a zafin da ya yi kusa da wanda aka buga robar da shi. Robar ta narke ta shige cikin ƙaiƙayin, ta daskare ta riƙe shi. Na M3 da aka fi sani yana son rami mai faɗin wajen milimita 4, amma girman ya danganta da wanda ya ƙera, shi ya sa ake saye kafin a zana. A kula da masu arha da ƙaiƙayinsu ya miƙe sambal daga sama zuwa ƙasa ba tare da siririn baki ba. Waɗannan don zubi a masana'anta aka yi su, kuma sukan zare daga ramin da ɗan ja kaɗan. Na ƙwarai ƙaiƙayinsa layi biyu ne masu karkata, ɗaya dama ɗaya hagu.

Hanya ta uku ita ce ta talaka, kuma a gaskiya ita ce ta fi dacewa da inda kayan musamman ke wuyar samu. A zana gurbi mai kusurwa shida a bayan yankin, a cusa noti na yau da kullum a ciki. Notin M3 faɗinsa milimita 5.5 ne, na M4 7, na M5 8, na M6 kuma 10, sai a ƙara wa gurbin kashi biyu ko uku cikin goma na milimita. Ƙarfinta ba ya kasa na gidan tagulla, domin sai sukurun ya ratsa da notin ta cikin robar gaba ɗaya kafin ya fita. Noti mai kusurwa huɗu ya fi mai shida wuyar juyawa a cikin gurbinsa, idan an same shi.

Buga zaren kansa a jikin robar ba ya yiwuwa da kyau a ƙananan girma. Yawancin na'urori suna shimfiɗa hawa mai kaurin milimita 0.2 ta baki mai faɗin 0.4. Tudun M3 guda ɗaya bai wuce hawa biyu da rabi ba, don haka siffarsa ba ta fita. Daga wajen M6 zuwa sama abin yana fara yin ma'ana. Ana kuma iya yanka zare da taf a ramin da aka huda, 2.5 ga M3, 3.3 ga M4, 4.2 ga M5, amma ga abin da ba ya ɗaukar nauyi kawai.

Kowace hanya aka bi, akwai halayen bugu guda biyu da ba a mantawa da su. Ramukan da na'ura ta buga sukan fito da ɗan matsi fiye da yadda aka zana, saboda haka ake bi da ƙarfen huda a daidaita su. Sannan cikin robar ba cike yake ba, saƙa ce kamar gidan zuma, sai an umarci na'urar ta yi wa ramin bango huɗu ko biyar sukurun zai sami abin kamawa. Ramin da ya kwanta a tsakanin hawa ya fi saurin darewa, kamar yadda gatari ke bin jijiyar itace. Kayan da aka buga da ruwan roba mai daskarewa da haske kuwa ba sa narkewa da zafi kuma suna da gautsi, don haka noti a gurbi ko gidan tagulla da aka manna da gam ne ya dace da su.

Zafi, tsatsa da gam

Roba tana da wata ɗabi'a: idan aka matse ta aka bar ta, a hankali takan janye daga inda ake matsa ta. Sukurun da aka ɗaure tamau yau, bayan wata biyu sai a tarar ya yi sako-sako ba tare da ya juya ba. Zafi yana gaggauta wannan. PLA, wadda ta fi kowace arha da sauƙin bugu, tana fara laushi a wajen digiri 60 na ma'aunin Selshiyos, zafin da gaban motar da aka ajiye a rana a Kano ko Sakkwato cikin watan Afrilu yake zarcewa. PETG tana kai wajen 80, ABS da ASA kuma wajen 100, ASA ta fi jure hasken rana. Babu sukurun da zai ceci yankin mota da aka buga da PLA.

Lambobin ƙarfi da ake gani a kan sukuru, 8.8 ko 10.9 ko 12.9, ba su da tasiri a nan, tunda robar za ta sallama tun kafin mafi raunin ƙarfe ya ji a jikinsa. Abin dubawa shi ne tsatsa. Baƙin sukuru yana da kyan gani amma damina ɗaya ta ishe shi. Mai rufin tutiya ya fi shi, marar tsatsa mai alamar A2 ya fi su duka, A4 kuma don bakin teku irin Legas da Fatakwal. Maganaɗisu ba ya kama A2 sosai, gwajin da mai saye zai iya yi a gaban mai shago.

Shuɗi ko jan ruwan da makanikai ke ɗigawa a zare don hana kwancewa na ƙarfe da ƙarfe ne. Idan ya taɓa ABS da danginta yakan sa su tsattsage, masu yin sa ma suna gargaɗi a kan haka. Noti mai zoben nailan a ciki shi ne madadinsa. Kuma birki, sitiyari, bel ɗin kujera, kan tukunyar gas da duk abin da rai ya rataya a kansa ba wurin robar bugu ba ne, ko da wane irin sukuru aka ɗaure ta.

Inda ake nema

Sukurun mita na yau da kullum daga M4 zuwa sama ba ya wuya. Masu sayar da noti a Ƙofar Ruwa da Sabon Gari a Kano, Panteka a Kaduna, Apo da Dei-Dei a Abuja, Ladipo a Legas da kasuwar Nkwo ta Nnewi suna da shi. Matsalar tana farawa daga M3 zuwa ƙasa, da kuma sukurun roba. Waɗannan wajen masu gyaran waya da kwamfuta ake dosa, irin na Farm Centre da titin Beirut a Kano, Banex a Abuja da Computer Village a Ikeja, inda kowane mai gyara yake da gwangwanin da yake tara na matattun kaya. Masu gyaran agogo da tabarau su ke da waɗanda suka gaza milimita 2.

Ma'adanar da aka fi rainawa ita ce ta 'yan gwangwan. Matacciyar firinta guda tana ɗauke da sukurun roba masu yawa, galibi masu milimita 3, ga kuma M3 da M4 na ƙarfe, dukansu ƙirar masana'anta. Tsohuwar rediyo ko mitar wuta ta zamanin Ingila kuwa nan ake samun BA. Ga sukurun da zai kama cikin tsohon ƙarfe, mataccen kaya irin wanda ake gyarawa shi ne wuri na farko da ya kamata a duba. A kowane hali da samfuri ake zuwa kasuwa, ko da yankin da sukurun zai shiga, domin suna ba ya isar da saƙo.

Abin da ya gagara a gida sai oda daga waje. Gidan tagulla da sukurun roba ana samunsu a AliExpress da makamantansa, sau da yawa a akwati mai gida-gida da ya haɗa tsawo daban-daban. Masu sayarwa na Sin suna da haruffan da ya kamata mai oda ya sani: P na nufin kai mai tudu, K kai mai nutsewa, A baki mai tsini, B datsattsen baki, M kuma zaren mita. Don haka PB 2.6×8 shi ne mai kai mai tudu da datsattsen baki, kauri 2.6, tsawo 8, kuma shi ne ya fi kusa da abin da ke cikin yawancin kayan lantarki. Ga na mita, lambar ma'auni ta fi hoto amfani: DIN 912 ko ISO 4762 shi ne mai dogon kai na alanki, ISO 7380 mai kai kamar maɓalli, DIN 934 noti, DIN 985 noti mai nailan, DIN 9021 washa mai faɗi. Cikakkiyar oda takan zo kamar haka: ISO 7380, M3×8, A2, guda 100. Zaren BA da Whitworth har yanzu ana yin su a Ingila domin masu farfaɗo da tsofaffin motoci da babura.

Ga ɗan kasuwar da ke tunanin shigo da su da yawa, manyan cibiyoyin ƙera su su ne Yongnian a lardin Hebei da Haiyan a lardin Zhejiang na ƙasar Sin, sai Gangshan a Taiwan. A takardun kwastan, na ƙarfe suna ƙarƙashin lamba 7318, na tagulla kuma 7415. Kaya ne marasa nauyi da ba sa lalacewa a ajiye, amma ribarsu tana ga wanda ya iya rarrabe su ya rubuta wa kowane gida sunansa, domin da zarar M3.5 ya gauraya da 6-32 a buhu ɗaya, sun koma tarkace.

Idan duk an rasa, saura hanya biyu. Masu injin sassaƙa ƙarfe suna iya yanka sukuru guda idan an kai musu samfuri, muddin bai cika ƙanƙanta ba. Ko kuma a faɗaɗa tsohon ramin a yanka masa zaren mita na gaba da shi. Wannan ta biyu ba ta da komawa baya, kuma tana rage darajar kayan da ake son adanawa a kan asalinsu.

Wajen ɗaurewa

Kafin a buga ainihin yankin, ana buga ɗan allon gwaji mai jerin ramuka, kowanne ya fi na bayansa da kashi ɗaya cikin goma na milimita, a gwada sukurun a kowanne. Aikin minti ashirin ne, kuma sakamakonsa na wannan na'ura ne da wannan roba kaɗai. Sukurun da ya yi tsawo ana iya yanke shi, amma a fara murɗa masa noti ya wuce wurin yankan, domin idan aka kwance notin daga baya zai gyara bakin zaren.

Da hannu ake ɗaure sukuru a roba, ba da na'ura mai batiri ba, tunda gudunta yana zafafa ramin ya narkar da zaren da ake ƙoƙarin yi. Da zarar kan ya zauna, ɗan ƙari kaɗan ya wadatar. Wajen mayar da sukurun roba cikin ramin da ya taɓa shiga kuwa, ana fara juya shi baya, wato hagu, da ɗan dannawa, har a ji ya yi ƙas ya faɗa cikin tsohuwar hanyarsa, sannan a juya dama.